Takardun bizar koyarwa a ƙasar waje: wacce ake fara nema, wacce ake bari sai ƙarshe

Malamai da dama a Bauchi, daga na sakandaren gwamnati har masu koyarwa a kwalejojin ilimi, suna neman hanyar fita koyarwa a wata ƙasa, kuma kusan kowa da maganar biza yake farawa. Alhali biza ita ce matakin ƙarshe. Makarantar da ta ɗauke ka aiki ita ke buɗe maganarka a gaban hukumomin ƙasarta, ita ke samo izinin kawo ka, sannan kai ka kai takardunka a duba a buga maka. In babu makarantar da ta ɗauke ka, babu bizar aiki, ko nawa ka biya ejan. Abin da ke hannun malami tun yanzu takardunsa ne, kuma a kansu ake yawan asarar kuɗi da lokaci ta hanya biyu: ko dai sunan da ke jikinsu bai zo ɗaya ba, ko kuma an nemo su ba bisa jeri ba, wata ta mutu kafin wata ta fito.

A fara da suna, domin shi ne ya fi ba mutanenmu wahala. Ka ɗauko takardar firamare, da ta WAEC ko NECO, da ta NCE, da ta digiri, da ta hidimar ƙasa, da katin NIN, da fasfo in kana da shi, ka jera su a kan tabarma ka karanta su harafi bayan harafi. Sau da yawa za ka tarar Muhammad ne a wata, Mohammed a wata, Muhammadu a ta uku. Wani a sakandare an rubuta shi da sunan garinsu, Azare ko Misau ko Ningi, da ya shiga jami'a ya ajiye sunan garin ya ɗauki na kakansa. Wata an juya jerin, sunan uba ya koma gaba. Malama kuma ta yi NCE da sunan mahaifinta, ta yi digiri da sunan mijinta. A gida babu mai damuwa, kowa ya san mutum ɗaya ne. Jami'in da ke duba fayil ɗinka a Riyad ko a Ingila bai san ka ba, abin da ya gani a rubuce kawai yake bi, kuma suna biyu a wajensa mutum biyu ne har sai ka kawo hujja.

Gyaran yana da tsari. Hukumar Shige da Fice tana ɗauko bayanan fasfo ne daga rajistar NIN, don haka duk kuskuren da ke NIN zai bi ka cikin fasfo. A gyara NIN tukuna a wajen hukumar NIMC, a jira gyaran ya hau, sannan a nemi fasfo. Bambancin da ya rage tsakanin fasfo da takardun karatu ana rufe shi da takardar rantsuwa ta Babbar Kotu mai bayyana cewa duk sunayen na mutum ɗaya ne, a haɗa da sanarwar jarida in canjin suna ne gaba ɗaya. Ranar haihuwa ta fi suna tsanani. Wanda aka rage wa shekaru lokacin shiga aiki, ko aka sa masa 1 ga Janairu don ba a san ainihin ranar ba, ya tsayar da rana guda, ya nemi takardar tabbatar da haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, kada ya sake taɓa ta. Bambancin harafi a suna ana iya yi masa bayani a karɓa, amma ranar haihuwa biyu a fayil ɗaya zargin yaudara take jawowa, kuma a tsarin Birtaniya wanda aka samu da yaudara ana iya rufe masa ƙofa har shekara 10.

Fasfon kansa ba shi da wuya, akwai ofishinsa a Bauchi da Gombe. Tun 1 ga Satumba 2025 mai shafi 32 na shekara 5 naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara 10 kuma naira 200,000. Ga mai niyyar zama a waje na shekara goman ya fi, saboda izinin zama yana rataye da fasfo, kuma sabunta fasfo daga waje ya fi tsada da jeka-ka-dawo. Wanda nasa ya rage ƙasa da shekara guda ya sabunta kafin ya fara komai.

Daga nan sai a raba sauran takardun gida biyu. Akwai masu zama kamar hatsi a rumbu, akwai masu lalacewa kamar nonon safe. Na farkon su ake tarawa tun ba a sami aiki ba. Na biyun ba a taɓa su sai takardar ɗaukar aiki ta zo hannu.

A cikin masu zama, babbar ita ce ainihin satifiket na digiri. Takardar sakamako ta wucin gadi da jami'a ke bayarwa don tafiya hidimar ƙasa ba ta wadatar, kuma akwai waɗanda suka gama Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) ko Jami'ar Jihar Gombe shekaru da yawa ba su koma sun karɓi na ainihin ba. A koma a karɓa. Wanda ya yi digiri a kwalejin ilimi a ƙarƙashin wata jami'a ya sani cewa jami'ar ce mai satifiket ɗin, ita za a tuntuɓa in an zo tantancewa, don haka ya tabbata sunansa na cikin kundinta. Sai tiranskirif, mai nuna darussa da maki na kowane zango. Galibi ba a karɓarsa daga hannun mai shi, jami'a ce ke aika shi kai tsaye ga mai nema, kuma shi ne takardar da ta fi daɗewa kafin ta fito, musamman ga tsofaffin ɗalibai da sakamakonsu ke cikin fayilolin takarda a sashensu. In an manne satifiket da ledar laminetin an jawo matsala, domin a bayansa ake buga hatimi, kuma ofisoshi da yawa ba sa karɓar wanda aka manne. Wanda bai yi ba kada ya yi.

Akwai gaskiyar da ya kamata a faɗa wa masu NCE tun da wuri. A Najeriya NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa, kuma wanda ya yi ta a Azare ko Kangere ko kwalejin tarayya ta Gombe malami ne cikakke a doka. A waje kuwa kusan duk ƙasar da ke ba da bizar malami digirin farko take nema. HND ma ba kowace ƙasa ke ɗaukarta daidai da digiri ba. Mai NCE da ke da wannan buri ya ƙaro digirin ilimi tukuna. Mai digirin lissafi ko kimiyya zalla, wanda bai karanci koyarwa ba, shi kuma PGDE, wato difilomar koyarwa ta bayan digiri, ce ta rage masa, ko a jami'a ko a Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna. Sai dai a lura, wasu ƙasashen Larabawa suna tambayar yadda aka yi karatun, kuma ba sa sakin jiki da shaidar karatu daga nesa. Wanda can ya nufa gara ya yi ta zaman aji.

Rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai ta Najeriya, tana biye. Hukumar, wadda dokar 1993 ta kafa, ita ke ba da shaidar rajista da lasisin koyarwa bayan jarrabawar cancanta. Shaidar rajista ba ta mutuwa, lasisi kuwa yana da wa'adi, kuma malamai da yawa sun karɓa sun ajiye ba su sabunta ba. Muhimmancinta ga mai fita shi ne ita kaɗai ke rubuta wasiƙar da ke shaida cewa kai malami ne mai rajista, ba a dakatar da kai ba, ba a hana ka aiki da yara ba. Wanda lasisinsa ya mutu sai ya biya bashin baya kafin a saurare shi.

Sai takardar shaidar aiki, wadda ake rainawa alhali tana kayar da mutane. Wasiƙar yabo mai cewa malam mutumin kirki ne mai ƙwazo ba ita ake nema ba. Ana son wasiƙa a kan takardar makaranta mai tambari, ko ta Hukumar Kula da Malamai, ko ta SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, mai faɗin ranar fara aiki da ranar bari da wata da shekara, da darasin da aka koyar, da shekarun yaran, da awannin aiki a mako, da suna da muƙami da lambar wanda ya sa hannu. Za a tuntuɓi wannan mutumin, yawanci ta imel, kuma an fi amincewa da imel na makaranta a kan na kansa. Shugaban makarantar da bai buɗe imel ba har wa'adin amsa ya wuce ya rushe maka aikin watanni ba da nufi ba. A gaya masa tun kafin a rubuta sunansa. A kuma sani cewa wasu ƙasashen shekarun da aka yi bayan samun shaidar koyarwa kawai suke ƙirgawa, waɗanda aka yi kafin PGDE ba sa shiga lissafi.

Yanzu ga maganar hatimi, wadda ta fi rikita mutane. Akwai yarjejeniyar Hague ta 1961 da ta sa ƙasashen da ke cikinta suke karɓar takardun juna da hatimi guda da ake kira afostil. Najeriya ba ta cikinta. Don haka ko da Saudiyya ta shiga a 2022, Sin kuma a 2023, takardar da aka bayar a Najeriya tsohuwar hanya take bi, kuma duk wanda ya ce zai samo maka afostil a kan digirin Najeriya bai san aikin ba ko kuma cuta ya nufa. Hanyar ita ce: makarantar da ta ba da takardar ta tabbatar da ita, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance, Ma'aikatar Harkokin Waje ta buga nata hatimin, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za a je ya rufe. Dalilin jerin shi ne kowane ofishi sa hannun wanda ya gabace shi yake shaidawa, ba ya binciken digirin daga tushe. Ofishin jakadanci ya san sa hannun jami'in Harkokin Waje, bai san na magatakardar jami'arka ba. In aka tsallake mataki, na gaba zai mayar da kai. Takardun da ba na karatu ba, irin ta haihuwa da ta aure da ta 'yan sanda, ba sa bi ta Ma'aikatar Ilimi. Kuɗin gwamnati ta Remita ake biya a riƙe rasit, kuma kowace takarda da kuɗinta: mai digiri na biyu da na uku kowanne daban za a buga, har da na farkon.

Takarda a ƙasar da aka ba da ita ake tantance ta. Wannan ya shafi ɗimbin 'yan Bauchi da suka yi karatu a Masar, Sudan, Malesiya ko Nijar. Digirin Azhar hatimin hukumomin Masar yake buƙata, Abuja ba za ta tsaya a madadinsu ba. Masu digirin Benin da Togo kuma su tuna cewa a Janairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun ƙasashen biyu bayan fallasar digirin bogi, don haka su fara tabbatar da matsayin jami'arsu kafin su kashe ko sisi. In ƙasar da za a je tana son fassarar Larabci, mai fassarar da ofishin jakadancinta ya amince da shi ne zai yi, ko da mai takardar malamin Larabci ne, kuma bayan hatimi ake fassarawa don hatiman su shiga cikin fassarar.

Ba kowace ƙasa ce ke neman wannan jerin hatimai ba. Birtaniya ba ta dogara da su, tana da hukumarta mai auna darajar digirin waje, kuma tana tuntuɓar jami'a da TRCN kai tsaye. Ƙasashen Larabawa da Sin su ne masu tsayawa a kan hatimi. Shi ya sa ya kamata mutum ya tsayar da inda ya nufa kafin ya hau motar Abuja.

Da takardar ɗaukar aiki ta zo, sai a shiga masu gajeren rai. Takardar shaidar hali ta 'yan sanda ana nemanta ta shafin POSSAP, a biya, a je a ɗauki zanen yatsu. Ƙasashe da yawa ba sa karɓarta in ta wuce wata shida, wasu ma wata uku, kuma kwanakin da za ta yi a layin hatimi cikin wa'adin suke. Wanda ya taɓa zama a wata ƙasa ya shirya kawo tata ma: Birtaniya tana neman ta kowace ƙasar da mai neman aikin koyarwa ya zauna wata 12 ko fiye cikin shekara 10 da suka wuce. Gwajin lafiya a asibitin da ƙasar ta amince da shi kaɗai ake yi, sakamakon asibitin koyarwa na Bauchi, duk ingancinsa, ba ya tsayawa a madadinsa. Na Birtaniya gwajin tarin fuka ne, akwai cibiyar IOM, hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a Abuja da Legas, takardar kuma wata shida take yi. Na ƙasashen Larabawa ya haɗa da HIV da ciwon hanta nau'in B da C da hoton ƙirji. A nan shawararmu ita ce mutum ya je asibiti a gida ya gwada kansa a asirce tun kafin ya fara kashe kuɗin hatimi. Ciwon hanta nau'in B ya yaɗu a ƙasar nan, da yawa masu ɗauke da shi ba su sani ba, kuma abin tausayi ne mutum ya sayar da fili ya gama komai sannan a tsayar da shi a gwajin jini. Sanin da wuri yana ba shi damar neman magani da kuma sauya ƙasa. Katin rigakafin zazzaɓin shawara kuwa sau ɗaya ake yi, tun 2016 na har abada ne, amma sai bayan kwana 10 da allurar yake fara aiki.

Tsarin Ingila ya cancanci a tsaya a kansa, domin mutane suna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Daga 1 ga Fabrairu 2023 aka buɗe wa malaman Najeriya damar neman QTS, wato shaidar cancantar koyarwa a Ingila, ga masu lissafi, kimiyya da harsuna irin su Faransanci, masu shaidar koyar da yara 'yan shekara 11 zuwa 16, da gogewar aƙalla shekarar karatu guda. QTS ba aiki ba ce, ba kuma biza ba ce. Bayan an same ta sai an nemi makarantar da ke da lasisin ɗauko ma'aikaci daga waje, ita ce za ta ba da lambar ɗaukar nauyi da ake kira CoS. Lamba ce a kwamfuta, ba takarda ce da ake sayarwa ba, wata uku take yi, kuma sunayen duk masu lasisin suna shafin gwamnatin Birtaniya kowa na iya dubawa kyauta. Sai shaidar Turanci, ko ta jarrabawa irin IELTS mai rai na shekara 2, ko ta tabbatar da cewa da Turanci aka yi digirin, domin Najeriya ba ta cikin ƙasashen da aka ɗauke wa wannan sharaɗi. Sai fam 1,270 da za su kwana 28 a jere a asusu, in makarantar ba ta ɗauki nauyin hakan ba. Ko rana ɗaya kuɗin suka sauka ƙasa da adadin, lissafi ya koma farko, kuma mai ajiyar naira ya sa rara saboda canjin farashi. A kan wannan akwai kuɗin bizar da harajin lafiya na fam 1,035 a kowace shekara, ana biyan na duk shekarun gaba ɗaya.

Koyar da Turanci a gabashin Asiya shi ne abin da ejan suka fi tallatawa, kuma nan ne fasfon Najeriya ya fi cin karo da bango. Koriya ta Kudu tana ba da bizar malamin Turanci ga 'yan ƙasashe bakwai: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ailan, Ostareliya, New Zealand da Afirka ta Kudu. Sin ma 'yan irin waɗannan ƙasashe take fifitawa a darasin Turanci, ƙofar ɗan Najeriya ta fi buɗuwa a lissafi da kimiyya a makarantun ƙasa da ƙasa, kuma sai da takardar sanarwar izinin aiki daga makarantar ake neman bizar Z, wato bizar aiki ta Sin. Duk wanda ya ce ka shiga da bizar yawon buɗe ido ko ta kasuwanci a gyara daga baya, laifi yake tura ka. Haka bizar umara da ta ziyara a Saudiyya: ba a aiki da su, wanda aka kama tara da tsarewa da kora ne, da hana dawowa. Ga mai son hanyar gwamnati akwai shirin taimakon ƙwararru na Najeriya, TAC, da aka kafa a 1987, mai tura malamai ƙasashen Afirka da Karibiyan na shekara 2, inda gwamnati ke tsaya wa maganar izinin shiga, amma takardun karatu da na aiki duk sai sun cika.

Mai tafiya da iyali yana da ƙarin aiki. Auren da aka ɗaura a masallaci ko a ƙofar gida yana buƙatar takardar shaida daga kotun shari'a ko ofishin rajista, da sunayen ma'auratan kamar yadda suke a fasfo. Kowane yaro da fasfonsa da takardar haihuwarsa ta Hukumar Ƙidaya, katin asibiti ba ya isa. Birtaniya mace ɗaya take ba bizar rakiya, mai mata fiye da ɗaya ya san da haka ya yi shawara da gidansa tun da wuri.

Ma'aikacin gwamnatin jiha kada ya sulale ya bar albashi na shiga. Ya nemi hutu ba albashi ko ya ajiye aiki a rubuce ya karɓi amsa, wanda kuma aka tura ƙarin karatu bisa yarjejeniyar dawowa ya yi aiki ya warware ta tukuna, domin ofishin da ya bari shi za a tuntuɓa in ana tantance shekarun aikinsa. Kwantiragin kuma a karanta shi kafin sa hannu: sunan aikin da ke ciki ya zama malami, domin shi za a rubuta a izinin zama, a ga albashi da gida da tikiti da wanda zai biya kuɗin izini.

Bizar da aka buga a Abuja ta shiga ce kawai. A Sin dole a mayar da ita izinin zama cikin kwana 30 da sauka. A Saudiyya mai ɗaukar aiki ne ke fitar da iƙama, wato katin izinin zama, cikin kwana 90, bayan an sake gwajin lafiya a can. A duka biyun ana iya cewa a kawo ainihin takardun masu hatimi, don haka a jakar hannu ake riƙe su, a bar kwafi a gida, a ajiye hotunansu a imel, da hotunan fasfo masu farin baya kamar goma sha biyu. Makaranta na iya karɓar fasfo na 'yan kwanaki don aikin izini, amma dokar Saudiyya ta hana mai ɗaukar aiki ya riƙe fasfon ma'aikaci, don haka da iƙama ta fito a nemi a dawo da shi.